Mai cike, ruwa cike, amma inji ya cije a hanyar Zariya

Mai Camry: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Motata Camry ce ƙirar 2008, mai inji 2.4, otomatik. Jiya da yamma na taso daga Zariya zan shigo Kano. Na ɗan wuce Kwanar Ɗangora, ina tafe a kan 110, sai na ji motar ta yi nauyi, ina taka totur ba ta amsawa. Can sai wata ƙara ta taso daga ƙasan inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba a jima ba inji ya ɗauke. Sitiyari ya yi tauri, da ƙyar na gangara gefen titi. In na murɗa makulli ƙas ɗaya take yi, fitilun dashbod su dushe. Na zaro ma'auni, baƙin mai yana kan cikarsa. Ruwa na nan a lagireto, allurar zafi kuma a tsakiya take har lokacin da motar ta mutu. Yanzu tana gareji a nan Kano, bakanike ya ce inji ya buga, in kawo kuɗi a ɗauko wani a Ƙofar Ruwa. Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya inji zai buga da mai a cikinsa?

Ɗan Rewaya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba Yallaɓai, mun gode Allah da ba a gaban tirela ta mutu ba. Kafin a kai ga maganar sayen inji, an gwada wani batir? Ƙas ɗin nan da dushewar fitilu, batir mai rauni yana yi, kan batir da ya tara gishiri yana yi, kik da ya ƙone ma yana yi. Na sha ganin an yanke wa inji hukunci, ashe wayar da ta haɗa batir da bodi ce ta saki.

Ogan Kwakwaci: Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Rewaya, maganarka tana kan hanya in da a ƙofar gida motar ta ƙi tashi. Amma batir ba ya sa ƙara a ƙasan inji, ba ya kuma riƙe motar da ke gudu. Duk da haka ban yarda a sauke inji yau ba. Malam, ka koma garejin da ƙafarka. A bar giya a P, a cire fulogi duka huɗu, a sa soket da doguwar sanda a kan babban notin fuli na ƙasa, a juya yadda agogo ke tafiya. Lafiyayyen inji da babu fulogi a kansa, hannu ɗaya yana juya shi. In ya ƙi, a zare bel ɗin nan da ke jan altaneta da kwamfuresan AC da famfon sitiyari, a sake gwadawa. Akwai motar da aka janyo min an gama cinikin inji, ashe altaneta ce ta cije ta riƙe bel, kik ya kasa juyawa. Muna zare bel ta tashi. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi.

Kuma kada wanda ya sake murɗa makullin nan.

Yaron Gareji: Yaya, mu a wajenmu in inji ya cije, man birki ko gas muke zubawa ta ramin fulogi ya kwana, da safe a haɗa batir biyu a buga kik. Yana sakin jiki.

Ogan Kwakwaci: Kai yaro, wa ya koya maka? Injin da ake jiƙawa shi ne wanda ya daɗe a ajiye, ringi ya yi tsatsa ya manne da silinda. Wannan kuwa yana cikin gudu ya tsaya. In metal ne, wato siririn ƙarfen da shaf ke juyawa a cikinsa, ya narke a jikin shaf, babban sandan ƙasan inji da fistin ke juyawa, ko durom ka zuba ta sama ba zai kai wurin ba. Batir biyu kuma, ko dai ka ƙone kik, ko ka karya haƙoran filawil, ko konrod, hannun da ya haɗa fistin da shaf, ya tsinke ya fasa bulok. Sai injin da ake iya gyarawa ya koma na 'yan gwangwan.

Yaron Gareji: Na ji Oga, na gode.

Malam na Sabon Gari: Ni tambayata, ka ratsa ruwa a hanya? Damina biyu da suka wuce maƙwabcina ya shiga wani kwazazzabo da ruwa ya cika, motar ta mutu a tsakiya, ita ma ƙas ɗaya take yi. Da aka cire fulogi aka juya, ruwa ne ya yi tsiri daga silinda biyu. Konrod ɗaya ya lanƙwashe.

Mai Camry: Babu ruwa Malam, titi a bushe yake, ko yayyafi ba a yi ba. Filtar iska ma na taɓa ta, a bushe take.

Injiniya: To an rage ɗaya. Dalilin da ya sa ruwa ke tsayar da inji shi ne fistin yana iya matse iska amma ba ya iya matse ruwa. Ban da na titi, ruwan lagireto kan shiga silinda in gasket ya ƙone, fetur ma kan cika ta in nozul yana ɗiga. Sai dai waɗannan biyun a ajiye suke taruwa, mutum ya zo tayar da mota da safe ya ji ta cije. A kan 110 da wuya. Amma tunda za a cire fulogi, a dubi bakin kowanne. Wanda ya fito a jiƙe, ko ya fito fes ba toka, ko bakinsa ya dagargaje, shi zai nuna silindar da za a fara bincika.

Baba Direba: Ɗana, sannu da wannan jarrabawa. Ni na yi zamani da Fijo 504 a hanyar Kano zuwa Jos, kuma abin da ya fi kashe mana inji zafi ne. Kada ka yarda da allura ɗari bisa ɗari. In tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma, sai allura ta zauna lafiya alhali inji yana dahuwa. To amma ka ce ruwanka na nan. Da idonka ka buɗe murfin lagireto, ko robar gefe ka leƙa? Domin robar tana iya zama cike, lagireto kuwa wayam.

Sannan injin da zafi ya kama, fistin ne ke kumbura ya cika silinda. Sau da yawa in ya huce yana saki, ya tashi yana hayaƙi. Mu a da sai mu sauya silif da fistin da ringi, mota ta koma hanya, don silif ɗin Fijo zare shi ake yi. Naka ya kwana ya huce. In har da safen nan bai saki ba, ni hankalina ya fi tafiya ƙasa, wajen shaf.

Mai Camry: Baba, murfin lagireton na buɗe bayan ta huce, ruwa har wuya. Babu warin ƙuna, babu tururi.

Ɗan Panteka: Jama'a ana ta zagaye-zagaye. Duk wanda ke sayar da kayan Toyota ya san injin nan, 2AZ ne, shan mai yake yi. Na 2007 zuwa 2009 sun fi kowanne. Mai ya ƙare, metal ya tafi, shi ke nan. Yallaɓai ka sayi inji ka huta, gyaran wanda ya buga asarar kuɗi ne.

Injiniya: Maganar shan mai gaskiya ce, ba ƙage ba. Kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa ga masu gyara a 2011 a kan fistin da ringin wannan inji, daga baya ya tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da suka sa shi ne in mota ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900. Injin kuma lita huɗu da 'yan kai yake ɗauka, ka ga wanda ba ya duba ma'auni tsakanin juye da juye zai iya wayar gari babu komai a ciki. Amma Alhaji, mai motar ya ce ma'auni a cike yake. Injin da ya shanye mansa ba ya nuna cike. Sai dai in wani ya ƙara bayan ta mutu. Malam, an ƙara?

Mai Camry: Ko ɗigo. Ni na fara zaro ma'aunin a bakin titi, kafin kowa ya taɓa motar.

Ɗan Panteka: To ko ma mene ne, ƙarshenta dai inji za a saya.

Ogan Kwakwaci: Wataƙila. Amma Alhaji, in ba a san abin da ya kashe na farko ba, me zai hana shi kashe na biyu? Hannun da ya yi aikin jiya shi zai ɗaura na gobe, man da aka zuba jiya shi za a sake saya. Na ga mutumin da ya ci inji biyu a shekara guda saboda lagireto ɗaya da ya toshe.

Mai Camry: Na dawo daga gareji. An yi yadda Oga ya ce a gabana. Fulogi huɗu duk a bushe, launinsu ɗaya, babu wanda ya fashe. An zare bel, altaneta da kwamfuresa da famfon ruwa kowanne yana juyawa da hannu. Injin kuwa, mutum biyu suka hau sanda, ko gezau. Gaba bai yi ba, baya bai yi ba.

Ogan Kwakwaci: Madalla, yanzu muka fara magana. Ka lura da wannan: in wani abu ne ya tokare, kamar bawul ya karye ya faɗa kan fistin, ko cen ɗin taimin ya tsallake, ko konrod ya tsinke, inji yakan ɗan koma baya, ka dawo da shi gaba ya zo ya daki abin ya tsaya. Wanda ba ya motsi ko ta ina, kama shi aka yi, ƙarfe ya manne da ƙarfe. Da ƙarar da ka ji kafin ya mutu, ni na ce metal ne. Saura mu san abin da ya hana shi mai.

Af, yaya aka kawo motar daga Kwanar Ɗangora? Kada dai da igiya.

Mai Camry: A'a, a bayan janwe aka ɗora ta.

Ogan Kwakwaci: Ka kyauta wa giyarka. Famfon man giyar otomatik inji ne ke juya shi. In aka ja ta tayoyin gaba suna ƙasa inji a mace, tafiya mai nisa irin wannan, da yanzu giya ma muna maganarta.

Injiniya: Malam, tambaya biyu, ka yi tunani sosai kafin ka amsa. Wane aiki aka yi wa motar na ƙarshe, komai ƙanƙantarsa? Sannan jar fitilar nan mai hoton buta, ta taɓa kamawa kana tafiya, ko da ƙiftawa ɗaya ce?

Mai Camry: Kwanakin baya botom filet, kaskon mai na ƙasan inji, yana ɗigar da mai, ina ganin tabo a inda nake ajiye ta. Na kai garejin nan da take yanzu, suka kwance shi, suka sa gam suka mayar, aka yi juye da sabuwar filta. Butar kuma ta fara ƙiftawa bayan nan. Ba kullum ba. A cikin gari ba ta yi, a danja ma ba ta yi. Sai na hau babban titi na taka sosai take ƙiftawa, in na sassauta ta ɗauke. Na koma na faɗa masa, ya zaro ma'auni ya nuna min mai a cike, ya ce suwic ɗin da ke kunna butar ne ya fara lalacewa, in na samu lokaci a sauya. Jiya ma ta kama kafin ƙarar ta fara.

Injiniya: Innalillahi. To ai ga zaren nan.

Hajiya Mai Corolla: Don Allah Injiniya a yi mana bayani, mu ma mu amfana. Ni duk zatona butar nan tana nufin mai ya ragu, in an duba yana nan shi ke nan. Tawa ma takan yi haka wani lokaci in na tsaya a go-sulo.

Injiniya: Hajiya, wannan fahimtar ta kashe injuna da yawa. Ma'auni yana gaya miki yawan man da ke kwance a ƙasa. Buta kuma tana gaya miki ko man yana hawa sama da ƙarfi. Abu biyu ne daban.

Shaf ba ya taɓa metal in inji na aiki. Tsakaninsu akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin silin gashi ba, famfo yana tura mai cikinta, shaf yana yawo a kan man. A gudun babban titi shaf yana zagayawa sau dubu biyu da wani abu a minti guda. In man ya yanke, ƙarfe ya hau kan ƙarfe, zafi ya tashi a wurin nan take, metal ya narke ya manne. Cikin daƙiƙoƙi ake yin wannan ɓarnar, shi ya sa allurar zafi ba ta ce komai ba. Ita ruwa take aunawa, kafin zafin ya kai ga ruwa an gama.

Kuma fitilar ba ta da saurin magana. A yawancin motoci sai ƙarfin mai ya faɗo ƙasa da psi 7 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne) take kamawa, alhali inji a gudu yana son psi 30 zuwa sama. Duk lokacin da kika gan ta, abu ya riga ya yi nisa.

Yanzu ga inda maganar Malam ta ja hankalina. In metal ne ya tsufa, ko famfo ya gaji, ko man ya tsinke, butar tana kamawa ne a sulo, inji da zafi, in an taka totur ta ɗauke. Irin taki ke nan Hajiya, kuma ki kai a sa geji a auna a makon nan. Ta Malam akasin haka take yi: lafiya a sulo, ƙiftawa a gudu. Wannan alamar famfo yana neman mai da yawa ne amma bakin da yake zuƙa ta ciki ya toshe. A bakin akwai rariya. A sulo ɗan abin da ke wucewa ya isa. In aka taka, zuƙar ta ƙaru, duk tarkacen da ke yawo a ƙasa ya taru ya manne a rariyar. In an kashe mota wani ya saki ya koma ƙasa, gobe a sake. Injin nan ba shi da gasket a botom filet, da gam ake haɗa shi tun daga kamfani. In aka labta gam, rabin da ya matso waje kana ganinsa, rabin da ya matsa ciki kuwa mai mai zafi yana yanko shi.

Hajiya Mai Corolla: Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai. In ta kama ina tafiya fa?

Injiniya: Ki nemi gefe ki kashe nan take, ko saura layi ɗaya ki kai gida.

Baba Direba: In ƙara a kan wannan, saboda masu bin hanya. In inji ya mutu kana gudu, birki yana da sauran taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan ya zama dutse. Kada ka yi ta famfa shi, taka sau ɗaya ka riƙe. Kada kuma ka murɗa makulli baya har sitiyari ya kulle.

Ɗan Rewaya: Ni ba na musun Injiniya, amma kada a ɗora wa gam laifi tun ba a gani ba. Ranar da aka sa gam, ranar aka sa filta da mai. Jabun filta sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, takardar ciki tana narkewa. Baƙin mai ma haka, hukumar SON ta sha kama na jabu. Kowanne cikin ukun zai iya.

Malam na Sabon Gari: Wane mai aka zuba ma tukuna? Ni bakanikena ya ce a zafin ƙasar nan 20W-50 ne kawai ke riƙe inji, wannan mai ruwa-ruwan na ƙasar sanyi ne.

Mai Camry: 20W-50 ɗin ne. A murfin kuwa 5W-20 aka rubuta.

Injiniya: Ba zan ce kaurin mai kaɗai ya kashe shi ba, motoci da yawa suna yawo da shi. Amma mai kauri ya fi wuyar ratsa rariyar da ta riga ta toshe rabi, kuma injin nan yana da VVT-i, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, da mai yake aiki ta ƙananan ramuka. Zafin da inji ke aiki a kai ɗaya ne a Kano da Kanada, wajen digiri 90, tamostat da lagireto ke tsayar da shi. Wanda ke tsoron zafin gari ya hau 5W-30, ba sai ya tsallaka har 50 ba.

Malam na Sabon Gari: Injiniya, littafi daban, titin Najeriya daban. Motar da ta ci kilomita dubu ɗari uku, ka zuba mata mai ruwa-ruwa ka ga hayaƙi.

Ogan Kwakwaci: Ku bar wannan gardamar, ba ta ƙarewa, kuma ba ita ce a gabanmu ba. Gani ya kori ji. Malam, ka ce motar tana hannun wanda ya yi aikin gam ɗin. Ba na zargin kowa, ɗan'uwana ne a sana'a, amma kada a kwance komai ba ka nan. Ka je da farin ƙyalle da mayen ƙarfe. A tace man ta cikin ƙyallen a roba mai tsabta, ka fitar da shi rana. Ƙyalli-ƙyallin da mayen ƙarfe bai ɗauka ba na fuskar metal ne, wanda ya ɗauka daga shaf ko bayan metal ya fito. A yanka filta a warware takardar, a nan za a wanke ta ko a kama ta, ka ga an amsa wa Rewaya. Sannan a sauke botom filet. Kafin kowa ya sa hannu ko fetur, ka dubi rariya, ka dubi ɗan cen ɗin da ke jan famfon mai ko yana nan, ka dubi filet ɗin ko ya loɓa sama ya matse bakin rariya, don wanda ya daki dutse ko aka sa masa jak yana yin haka.

Mai Camry: Barkanmu da yamma. An buɗe, ina tsaye. Man da aka tace yana walƙiya a rana, ƙyallen ya cika da garin ƙarfe. Filta ba ta narke ba, takardarta lafiya, sai dai cike take da garin. Cen ɗin famfo yana nan, filet bai loɓa ba. Rariyar kuwa, wallahi ban ga ramukanta ba. Jan gam ne zare-zare ya naɗe a bakinta, na ja wani da yatsa ya fi tsawon tafin hannuna, bayansa kuma wani baƙin dasƙararren abu ya cike sauran. A gefen filet ta ciki ga ragowar gam nan yana reto. Da aka sauke gidan balansa muka ga konrod na uku ya yi baƙi da shuɗi-shuɗi. Da guduma aka cire murfinsa, metal ɗin ya juya daga mazauninsa ya manne da shaf. Ana cire shi injin ya motsa.

Bakaniken ya yi shiru, daga baya ya ce yaronsa ne ya sa gam ɗin.

Ɗan Rewaya: To filta ta fita. Injiniya, na sallama.

Ɗan Panteka: Amma a yi adalci. Wannan baƙin abin ba gam ba ne, dattin mai ne na shekaru, tun kafin motar ta zo hannun bakaniken nan. Mota ce 'yar Kwatano, wa ya san yadda aka riƙe ta a can?

Ogan Kwakwaci: Gaskiya ne Alhaji, dattin ya daɗe. To amma wanda ya sauke filet ya ga dattin da idonsa, rariya tana gabansa, noti biyu ne ko uku. Me ya hana shi wanke ta? Wannan ɗaya. Na biyu, gam siriri ake ja, kaurin milimita 3 zuwa 4, a goge tsohon tas, fuska ta bushe babu mai, a haɗa cikin 'yan mintuna, a bar shi aƙalla awa biyu kafin a tayar da inji. Mu kuma sai a matse rabin tub, a baza da yatsa, a zuba mai nan take saboda mai mota yana sauri. Na uku shi ya fi yi min ciwo. Mutum ya dawo da ƙafarsa ya ce buta tana kamawa, aka ce masa suwic ne ba a auna ba. Cire suwic a ɗaura geji minti goma ne. Ranar nan da an auna, da wankin rariya kawai za a yi. Zancen yaro kuma ba hujja ba ce, aikin yaro aikin ogansa ne. Abin nan yana zubar mana da mutunci gaba ɗaya.

Baba Direba: Ɗana, ranka zai ɓaci, dole ne. Amma kada ka kai maganar inda za ka kashe abin da ya fi kuɗin gyaran. Garejin yana da shugaba, makanikai suna da ƙungiya. Ka ɗauki rariyar nan yadda take, kada a wanke, ka ajiye a leda, a zauna da manyansu. Tunda bai musa ba, a ƙalla ya ɗauki kuɗin aiki da wani kaso na kaya.

Mai Camry: Haka zan yi Baba, rariyar tana hannuna. Yanzu saura shawara ta ƙarshe: gyara ko saye?

Ɗan Panteka: Saye. Ɗan Beljiyam ka ɗaura yau, gobe kana hanya.

Injiniya: Ɗan Beljiyam ɗin ma 2AZ ne mai shekara goma sha, kuma ba ka san ko yana cikin masu shan mai ba. Naka ka san ba ya sha, tunda ma'auni bai taɓa sauka ba. Ni awo zai yanke min hukunci, ba ra'ayi ba.

Ogan Kwakwaci: Ina tare da Injiniya. A sauke injin, tunda yanzu yana juyawa za a iya kwance notocin kwanbata, mahaɗin inji da giyar otomatik, ba wahala. A kai shaf wurin masu yanka su auna. In rauninsa zai fita a 010 ko 020, wato yankan farko ko na biyu, kuma bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, a yanka a sa metal daidai da shi. In shuɗin ya ci ciki, a nemi wani shaf. Konrod na uku kada a mayar da shi ko an ce maka ya yi kyau, ramin ya riga ya buɗe, sabon metal zai sake juyawa. A buɗe sama a dubi mazaunin kamshaf, don shi a kan alminiyon kan silinda yake kwance kai tsaye. In nan ya ci, ko mazaunin shaf a bulok ya ƙone, to Alhaji ya yi gaskiya, ka bi shi kasuwa.

In gyara ya tabbata, famfon mai a sauya, garin ƙarfe ya bi ta cikinsa. Duk hanyoyin mai na bulok da shaf a wanke a busa da iska, har 'yar rariyar VVT-i da bawul ɗinta. In saye ya tabbata, kafin ka biya a buɗe murfin sama ka ga launin ciki, a sauke filet ka ga rariya, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit.

Ko wanne ka yi, ranar tayarwa a cire fis ɗin famfon fetur, a bar fulogi a waje, a buga kik har buta ta mutu tukuna. Sannan a tayar da geji a ɗaure, a karanta a sulo, a karanta inji yana juyi 3,000 a minti, da sanyi da kuma bayan fanka ta kama.

Mai Camry: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe za a sauke injin, a wani garejin daban. Shaf zan kai awo da kaina. Oga, in masu yankan sun ba ni lambobin zan turo maka kafin in ce su taɓa.

Ogan Kwakwaci: Turo, har da na mazaunai biyar na tsakiya, ba na konrod kaɗai ba. Kuma ka ce su duba tsagewa kafin su ɗora shi a kan injin yanka.